Kundin darussa na haɗin gwiwa a intanet: abin da malamai suka gani a aikace

Malamin lissafi, Garwa:
Assalamu alaikum, malamai 'yan'uwana. Mu biyar ne muke koyar da lissafi a lisenmu, wato babbar makarantar sakandare, kuma shekara uku ke nan muna tara kayan koyarwarmu a kundi guda na OneNote, wato manhajar ajiye rubutu a intanet. Tun lokacin da aka rufe makarantun Kamaru a watan Maris na 2020 saboda korona muka saba aika wa juna darussa ta WhatsApp, amma duk takardar da aka tura sai ta nutse a ƙarƙashin gaisuwar Juma'a da sanarwar suna, har ta kai mutum ya fi saurin sake rubuta darasi a kan ya nemo shi. A kundin mun ware wa kowane aji sashensa, a cikin sashen kuma akwai jadawalin ci gaban darussa na shekara, da shirin kowane darasi, da tambayoyin da aka taɓa yi a jarrabawar BEPC ta kammala ƙaramar sakandare da ta bakaloreya ta kammala babbar sakandare. Ranar da na san amfaninsa ita ce ranar da aka yi wa abokin aikinmu canjin wurin aiki zuwa garin Gidar a tsakiyar zango na biyu. Matashin da ya gaje shi ya buɗe kundin a wayarsa, ya ga inda aka tsaya a ajin ƙarshe, ya shiga aji washegari ba tare da ya tambayi ɗalibai ba. Yanzu shugaban makaranta yana so a faɗaɗa tsarin zuwa sauran sassa, shi ya sa nake neman jin abin da kuka gani, mai daɗi da marar daɗi.

Malamar Faransanci, Marwa:
Wa alaikumus salam, Malam. Mu Google Drive muka zaɓa, domin yana ba da wurin ajiya na gigabait 15 kyauta, OneDrive kuwa, inda ake ajiye kundin OneNote, 5 yake bayarwa, kuma yawancinmu muna da adireshin Gmail tun ranar da muka sayi waya. Kuskuren da muka yi, wanda nake roƙon kowa ya kiyaye, shi ne mun bar kundin a asusun mutum ɗaya. Malamar da ta buɗe shi ta yi aure ta koma Ngaundere, wayarta ta ɓace, ta manta kalmar sirri, lambar da za a aiko mata da saƙon dawo da asusun kuma tana cikin layin da ya ɓace. Muna iya buɗe takardun da aka riga aka ba mu izini a kansu, amma wasu manyan jakunkuna ita kaɗai ke da ikon shigar da sabon mutum, saboda haka sababbin malamai biyu suka yi zango guda suna roƙon a turo musu abin da ya kamata su ɗauka da hannunsu. Daga baya mun buɗe asusu da sunan sashen, muka kwafe komai zuwa can, muka rubuta kalmar sirrin a takarda aka ajiye a ofishin mataimakin shugaba.

Malamin tarihi, Kusiri:
Ni ina da ƙorafi, kuma ba zan ɓoye shi ba. Na kwana biyu ina shirya darasi a kan daular Kanem-Borno da yaƙin Kusiri na 1900 da aka kashe Rabeh a cikinsa, na haɗa taswira, na tsara tambayoyi bisa sabon tsarin koyarwa da ke auna abin da ɗalibi zai iya yi. Ranar da sufeto ya zo, wani abokin aiki ya buga darasin nan da sunansa a sama, aka yaba masa a gabana. Tun daga ranar nake sa abin da na ga dama kawai. A sashenmu mutum biyu ne ke zubawa, huɗu na ɗiba, kuma ban ga manhajar da ta magance wannan ba.

Malamin lissafi, Garwa:
Malam, na ji zafin abin, kuma an zalunce ka. Sai dai manhajar tana riƙe da tarihin kowane shafi, da wanda ya rubuta da ranar da ya rubuta, saboda haka hujjarka tana nan idan ka so kai magana gaba. Mu mun raba babi-babi tun taron farkon shekara, kowa ya san nasa, kuma wanda bai sa nasa ba ana karanta sunansa a taron sashe.

Malamar firamare, Yagwa:
Ina gaishe ku, iyayena da yayyena a wannan aiki. A daminar 2024 ruwa ya shiga unguwarmu da makarantarmu, kuma akwatin da nake ajiye littattafan shirin darasi na shekara tara ya jiƙe har tawada ta bi takarda, shafuka suka manne kamar an dama su. Abin da ya tsira shi ne wanda ƙanena ya matsa mini na ɗauki hotonsa na sa a kundin, wato darussan ajin da ke shirin jarrabawar CEP ta kammala firamare. Ban iya buga rubutu da sauri ba, kuma ban tilasta wa kaina ba: ina rubutawa da biro kamar yadda na saba, in ɗauki hoto da rana a bakin taga, in sa wa shafin sunan aji da mako. Ina jin malaman da ke tsoron kwamfuta za su fi karɓar abin idan aka fara musu ta nan.

Malamin Larabci, Njamena:
A Chadi harsunan hukuma biyu ne, Faransanci da Larabci, kuma makarantarmu tana koyarwa da duka biyun, don haka kundinmu ya haɗa rubutun da ke tafiya daga dama da wanda ke tafiya daga hagu. A kwamfuta yana zama daidai, amma a wasu wayoyi lambobi da alamomin tsayawa kan sauya wuri idan an cakuɗa harsunan a layi ɗaya, shi ya sa muke mayar da duk abin da aka kammala zuwa PDF kafin a kai wurin bugawa. Babbar matsalarmu tsadar intanet ce. Mun yi yarjejeniya cewa ba a sa bidiyo, ana rage nauyin hotuna, kuma kowa yana sauke darussan mako tun daren Lahadi domin ya buɗe su ba tare da layi ba. Ban manta ba cewa daga Maris 2018 zuwa Yuli 2019 an toshe kafafen sada zumunta a ƙasar nan, saboda haka duk ƙarshen zango nake kwafe kundin gaba ɗaya a filas in jefa a aljihun jakata.

Malamar Faransanci, Marwa:
Na manta abu guda mai muhimmanci. Kada a taɓa sa tambayoyin jarrabawar da ba a yi ba a kundin da kowa ke shiga. Wani malami ya ba ɗansa waya ya yi wasa, yaron kuma ɗan ajin da za a yi wa gwajin ne, kafin gari ya waye tambayoyin sun zaga aji, muka sake tsara wasu cikin dare. Haka makin ɗalibai da sunayensu, waɗannan amana ce, wurinsu daban.

Malamin lissafi, Garwa:
Na gode, Allah Ya saka da alheri. Zan kai wa shugaba shawarar asusu da sunan kowane sashe, da raba babi tun Satumba, da ware jarrabawa daga kundin. Tambayar da ta rage mini ita ce ta ɗalibai: makarantarmu ta hana shiga da waya, aji ɗaya kan haura mutum tamanin, kuma a watannin zafi, idan ruwa ya ja baya a madatsar Lagdo da ke ba mu wutar lantarki, unguwa kan wuni ba wuta. Akwai wanda ya buɗe wa ɗalibai sashen karatu kawai su duba daga gida, ko har yanzu kowa bugawa yake yi ya raba a aji?