Musayar baiti kan Charles Bannerman na wasan kurket (wasan dukan ƙwallo da sanda)

Na-Tudu:
Salamu alaikum 'yan'uwa. Amsa-amon yau "sa" ne, kowa ya riƙe shi.

Da sunan Allah zan buɗe baiti,
Kan wani gwarzo na fagen wasa.
Ingila aka haife shi, 1851,
Yana yaro aka kai shi nesa.
Sidni ta raine shi har ya girma,
Ostireliya ta zam ƙasarsa.
Ran 15 ga Maris, 1877,
A Melbon aka buɗe gasa.
Wasan Tes, karawar ƙasa da ƙasa, na farko a tarihi,
Da Ingila za a gwabza, ba fasa.
Alfred Shaw ya jefo ƙwallon fari,
Bannerman ne tsaye gabansa.
Makin farko shi ya ci shi,
Ɗarin farko ma duka nasa.

Inna Mai Alƙalami:
Ɗan nan, ka tsaya a tsakar hanya,
Matsa gefe ni in ƙarasa.
Maki 245 Ostireliya ta tara a zubin farko,
165 daga sandarsa.
Mai bi masa 18 ya samu,
Sauran ko nan ba su isa.
Kuma ba fidda shi aka yi ba,
Ƙwallon Ulyett na Ingila ce ta same sa.
Ta tsaga masa yatsa, jini ya zuba,
Ya bar fili riƙe da hannunsa.
Ostireliya ta ci da ratar 45,
Ingila ta kwashi kashinta a ƙasa.

Ɗan Gardama:
Inna, a gafarce ni, ina da ja,
Yabon nan ya wuce matsayinsa.
Tun da wuri ya ɗaga ƙwallo sama,
Armitage na Ingila ya zo cafewa ya kasa.
Da ya riƙe ta da hannu biyu,
Wa zai san da Charles da labarinsa?
Wasan Tes 3 kacal ya buga,
239 ne duka makinsa.
Ku duba ƙaninsa Alick mana,
Wasa 28 ya yi wa ƙasarsa.

Na-Tudu:
Kai, Ɗan Gardama, ji tsoron Allah!
Alick ɗin da ake hamma a kallonsa?
Ya wuni yana tare ƙwallo kawai,
Ba ya dukan da zai kai nisa.
Duk yawan wasan da ka ƙirga,
94 ne ƙololuwarsa.

Inna Mai Alƙalami:
Sa'a kan zo wa kowa, yaro,
Wani ta zo ya yi wasarere da tasa.
Kashi 67 cikin ɗari na makin ƙungiya,
Har yau ba a kamo rabonsa.
A 1878 ya bi tawaga Ingila,
Can ma ya ci ɗari a gaban masu ƙasa.
Rashin lafiya ya rage masa zango,
Ya ajiye sanda da sauran ƙarfinsa.
Ya koma alƙalanci a fili,
Wasan Tes 12 ya hura musu... to, kurket ba usur da za a busa!
A Sidni ya rasu, 1930,
Shekarar da Bradman, gwanin kurket na Ostireliya, ke tashensa.

Ɗan Gardama:
Na sallama ɗarin, Inna, na bi,
Ban isa in ja da ke ba a Hausa.
Amma in ni ke zaɓen 'yan wasa,
Alick zan ɗauka, in bar wansa.

Na-Tudu:
Ɗauke shi, mu dai ka zo mana da matashi,
Mu yi barci kafin ya motsa sandarsa.