Wai 4,294,967,297 firam ce ko tana rabuwa?

Sabon_Dalibi:
Salamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah a taimaka min da wannan lambar, 4,294,967,297, wato ka jera 2 har guda 32 ka ninka su sannan ka ƙara 1. Tun jiya nake fama da ita a kalkuleta, 3 ba ta shiga ba dan in ka tara lambobinta 59 zaka samu, 5 ma babu tunda da 7 ta ƙare, na bi 7, 11, 13 har na kai 97 kowacce sai ta bar saura. Na fara zaton firam ce, irin wadda ba ta rabuwa sai da 1 da ita kanta, amma ina so in ji ta bakinku tukuna.

Malam_Alkalami:
Wa alaikumus salam ƙanina. Tana rabuwa, danna 641 × 6,700,417 ka gani, ita ce cif ba ƙari ba ragi. Duka biyun nan kuwa firam ne, dan haka lambobi huɗu kacal ke raba ta, 1 da 641 da 6,700,417 sai ita kanta.
Kuma ba kai ka fara wannan zaton ba. Fermat, masanin lissafi ɗan Faransa, wajen 1640 ya ga 3, 5, 17, 257 da 65,537 (wato ka jera 2 guda 1, 2, 4, 8 ko 16 ka ninka su ka ƙara 1) duk firam ne sai ya ɗauka duk 'yan gidan haka suke, taka ita ce ta shida a jerin. Sai a 1732 wani masanin lissafi Euler ya fito da 641 magana ta rushe, kuma har yau ba a sake samun firam a jerin ba bayan waɗancan biyar ɗin.

Sabon_Dalibi:
Allahu akbar, na danna wallahi ta fito daidai. To amma Malam ta yaya ya gano 641 a zamanin da ba kwamfuta? Akwai firam har 115 kafin a zo kanta fa.

Yar_Lissafi:
Ai ba sai an bi su ɗaya bayan ɗaya ba ɗan uwa, nan ne daɗin abin yake. Euler ya nuna duk firam ɗin da zata raba wannan lambar dole in ka cire mata 1 ta rabu da 64, to in ka jero 65, 129, 193 haka haka ka watsar da waɗanda ba firam ba me ya rage? 193, 257, 449, 577, 641. Gwaji biyar ke nan a maimakon ɗari da wani abu.
Ni abin da ya fi burge ni ma shi ne zaka iya tabbatarwa a 'yar takarda ba tare da dogon rabawa ba. 641 tana da fuska biyu, 5 × 128 + 1 ce, kuma 625 + 16 ce. Daga ta farko 5 × 2^7 (2^7 na nufin 2 guda 7 a ninke, wato 128) daidai take da −1 in ana lissafin saura a kan 641, ka jera ta guda huɗu ka ninka su sai 5^4 × 2^28 ta zama 1. Daga ta biyu kuma 5^4 daidai take da −2^4, ka sa ta a gurbinta sai −2^32 ta zama 1, ma'ana 641 ta raba 2^32 + 1 ba saura. Zauna da biro ka bi shi a hankali.

Malam_Alkalami:
Madalla 'yar uwa, kin fayyace. Abu ɗaya zan ƙara, a yi hattara da gwajin nan na Fermat da 2, wanda ake duba ko 2^(n−1) zata bar saura 1 in an raba da n, wato lambar da ake gwadawa. Wannan lambar tana tsallake shi lafiya lau kamar firam ta gaske alhali ba ita ba ce, sai ka canza ka yi da 3 asirinta ke tonuwa.

Sabon_Dalibi:
Na gode sosai Allah ya ƙara basira. Na rubuta lissafin 641 ɗin na bi shi sau biyu, wajen sa −2^4 a gurbin 625 ne ya ɗan tsayar da ni amma yanzu ya zauna. Anjima zan gwada na 3 ɗin a kwamfuta.