Cikina wata bakwai, mura ta ƙi sakina

Maman Hanif:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Tun shigowar hunturu mura ta zagaye gidanmu. Maigida da yaro sun warke, ni kuwa har yanzu hanci a toshe, tari ya hana ni barci, ko tsakar gida na share sai haki. Surukata ta ce ciki ne ke cinye garkuwar jikin mace. Gaskiya ne? In jira ranar awo ko in tafi asibiti?

Sista Rabi, ungozoma:
Wa alaikumus salam. Sannu da jiki, Allah ya raba lafiya. Maganar Hajiya tana da tushe, sai dai garkuwar ba ta ƙarewa, salonta ne ke sauyawa. Rabin halittar jariri daga uba yake, don haka jikinki zai iya ɗaukarsa baƙo ya yaƙe shi. Mabiyiya tana zubo sinadarin furojestaron da istirojin masu yawa cikin jini, su kuma suna lafar da ɓangaren sojojin jikin da ke kashe ƙwayoyin halittar da ba su yarda da su ba. To wannan ɓangaren ne kuma ke farautar ƙwayoyin da bairas, wato ƙwayar cuta irin mai kawo mura, ya shiga ya ɓuya. Shi ya sa abin da muke gani a ɗakin masu ciki ba yawan kamuwa ba ne sosai, tsananin ciwon ne idan an kamu, musamman a wata ukun ƙarshe.

Ga kuma ƙirji. Mahaifa ta tura tantanin numfashi, wanda ya raba ƙirji da ciki, sama da kusan santimita 4, alhali buƙatarki ta iskar oksijin ta ƙaru da wajen kashi 20 cikin 100. Toshewar hanci ma istirojin na kumbura fatar cikinsa ko babu mura. A annobar murar H1N1 ta 2009, masu ciki a Amurka kusan kashi 1 ne na jama'a, amma su ne kusan kashi 5 na waɗanda suka rasu.

Hakin nan da kika ambata shi ya tsaya min a rai. Kada ki jira ranar awo, ki je gobe a saurari ƙirjinki, a gwada maleriya. In zazzaɓi ya zo, ko numfashi ya yi wuya kina zaune, ko motsin yaro ya ragu, ko cikin dare ne a tafi.

Abban Zainab, Diffa:
Sista ta yi gaskiya. Mu nan mun gani da ido a 2017, lokacin da ciwon hanta nau'in E ya ɓarke a yankinmu, har da sansanonin 'yan gudun hijira. Ruwan sha ɗaya kowa ke sha, namiji ya yi shawara ya tashi, amma mata masu ciki su aka fi rasawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a watannin ƙarshe ciwon kan kashe har kashi 20 zuwa 25 cikin 100 na masu cikin da suka kamu. Duk mai ciki da idonta ya yi ɗorawa, don Allah a bar jiƙe-jiƙe a kai ta asibiti.

Ummu Khadija:
Sista, to allurar rigakafi fa? An ce ba a yi wa mai ciki.

Sista Rabi, ungozoma:
Ya danganta. Sinadaran ciki ba su hana jiki amsa rigakafi, har jariri ma yana samun rabonsa ta mabiyiya, shi ya sa ake yin ta tetanus a wajen awo, ta mura ma ba ta da matsala. Masu raunanan ƙwayoyi masu rai, irin ta ƙyanda da rubela, su ake bari sai an haihu. Kuma tunda rani ya shigo, a rufe hatsi da abinci saboda ɓera: zazzaɓin Lassa da yake yaɗawa, a ƙarshen ciki kan yi sanadin rasa jariri fiye da 80 cikin 100.

Maman Hanif:
Na gode ƙwarai, Sista. Na nuna wa maigida, da safe zai kai ni in Allah ya yarda.