Wata nawa ake ɗauka kafin a samu lasisin tuƙa helikwafta?

Ɗan Fagge:
Assalamu alaikum 'yan uwa barkanmu da yamma. Don Allah tambaya gare ni ga waɗanda suka san harkar jiragen sama. Tun ina yaro nake da burin tuƙa jirgi mai saukar ungulu, ba wai don in nemi aiki da shi ba, kasuwata ta ishe ni alhamdulillah, sha'awa ce kawai. To na ga ana rubuta wai awa 40 kacal ake buƙata a ba mutum lasisin nan na PPL, wato na matuƙin da ke tuƙi don kansa ba don a biya shi ba, sai na buga lissafi na ce in ina yin awa huɗu kullum ai kwana goma na gama kenan, maiɗakina tana ta min dariya wai ko lasin mota ban samu a kwana goma ba. Tsakani da Allah wata nawa ya kamata in ware? Don ba zan iya barin shago a hannun yara fiye da wata uku ba.

Baban Hanifa:
Wa alaikumus salam ɗan uwa. Madam ta fi ka gaskiya hhh. Ni a Amurka na yi nawa, a jihar Fulorida, bari in ba ka abin da na gani da idona.

Awa 40 ɗin nan da ka gani gaskiya ne, doka ce ta hukumar FAA mai kula da harkar jiragen sama a Amurka, amma mafi ƙaranci kenan, wato ƙasa da haka ma ba za a bari ka zauna jarabawa ba. A ciki dole awa 20 da malami, awa 10 kai kaɗai a jirgi, akwai awa uku na dare, akwai doguwar tafiya kai kaɗai ta mil 100 ka sauka a wuri uku. Wasu makarantun masu tsari na musamman 35 ne nasu. Amma ni duk zaman da na yi ban ga wanda ya gama a 40 cif ba, yawanci sai mutum ya kai 50 zuwa 70, ni a 63 na yi jarabawa kuma wata bakwai ya ɗauke ni saboda ina haɗawa da aiki.

Maganar awa huɗu a rana kuwa ka cire ta a ranka. Awa ɗaya a wannan jirgin a farkon koyo sai ka sauko riga jiƙe sharkaf kamar ka yi dako. Hannun dama yana kan sanda, hannun hagu yana kan libar da ke ɗaga jirgin sama da ƙasa, ƙafa biyu suna kan feda, kuma duk wanda ka taɓa sai sauran sun nemi gyara. Abin da ya fi ba ni wuya shi ne tsayar da jirgin cik a wuri ɗaya ɗan nesa da ƙasa, malamina ya kai ni wani fili da ya fi filin ƙwallo girma ya ce abin da nake so kawai kar ka fita daga filin nan, wallahi ko daƙiƙa goma ban yi ba jirgin ya fara lilo kamar ƙwarya a kan ruwa, shi kuma ya karɓa da yatsu biyu ya tsaya tsaf yana min hirar abincin rana. Sai wajen awa ta tara hannuna ya faɗa, kuma ba zan iya ce maka ga abin da na canja ba, jiki ne kawai ya gane.

Abin da ke ja wa mutum lokaci ba wuyar jirgin ba ce, tazarar da ke tsakanin darasi da darasi ce. Mai tashi sau huɗu ko biyar a sati zai iya gamawa a wata biyu zuwa uku in yanayi ya yi kyau. Mai zuwa ranar Asabar kaɗai sai ya yi shekara, don rabin kowane darasi yana tafiya ne wajen tuno na satin da ya wuce. Ni akwai lokacin da kuɗi suka yanke min na yi sati shida ban tashi ba, da na koma sai da na biya awa huɗu ina maimaita abin da na riga na iya, har yau abin yana min ciwo.

Mai Shayin Zango:
Ikon Allah. Mu muna nan muna lissafin man mashin wasu na lissafin awar helikwafta. Alhaji in ka samu lasisin don Allah ka zo ka ɗauke mu ranar sallah mu tsallake go-sulo.

Injiniya Zariya:
Ƙari a kan bayanin Baban Hanifa, kowace ƙasa da nata adadin. A Turai awa 45 ne mafi ƙaranci kuma takardu tara za ka rubuta, su dokokin sama, yanayi, sanin hanya, magana ta rediyo da sauransu. Afirka ta Kudu 50 ne, 'yan Najeriya da yawa can suke zuwa. A Amurka rubutacciyar jarabawa ɗaya ce tambaya 60 ana neman kashi 70, daga baya sai ta baki da ta tashi tare da mai jarabawa. Shawarata ka fara karatun tun kana Kano da daddare bayan ka rufe shago, kar ka je can kana biyan kuɗin ɗaki kana haddar sunayen gajimare.

Sannan wata ukun naka ka fara ƙirga shi daga ranar da ka shiga jirgi ba daga yau ba. In Amurka ce akwai biza ta M-1 da makarantar za ta ba ka takardar nema, akwai tantancewar hukumar tsaron sufuri ta TSA har da ɗaukar zanen yatsu kafin a bari baƙo ya fara darasi, ka fara bincika maganar bizar nan kafin ka tura wa kowa ko sisi. A gida kuma akwai makarantar helikwafta a Inugu wadda ke da alaƙa da sojan sama, NCAA, wato hukumar kula da jiragen sama ta Najeriya, ita ce ke ba da lasisi, ko a waje ka yi in za ka tashi da jirgi mai rajistar Najeriya sai ka bi ta wajensu. Ka kuma sa yanayi a lissafi, ɗan koyo da ido yake tuƙi, ranar da hazo ya rufe gari ko hadari ya haɗo sai dai ka sha shayi ka koma gida.

Ɗan Fagge:
Kai na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri. Ashe aiki ne ja. To Baban Hanifa wane irin jirgi ake koyo da shi? Kuma ina sa tabarau, ga ni da ɗan jiki kilo 112 nake, ko wannan zai hana?

Baban Hanifa:
Tabarau ba matsala in dai da shi kana gani ras, amma ka je wajen likitan da hukumar ta amince da shi tun kafin ka biya kuɗin makaranta, ana gwada ido har da bambance kala, da ji, da hawan jini. Kilo 112 ɗin ne abin dubawa. Yawancin makarantu Robinson R22 suke amfani da shi mai kujera biyu don ya fi araha, kuma kujerarsa iyakarta fam 240 wato wajen kilo 109, ka ga ka haura da uku tun ba ka sa takalmi ba. Ko dai ka rage tuwon dare ko a sa ka a R44 mai kujera huɗu, shi kuma kuɗin awarsa ya fi na ƙaramin nesa ba kusa ba, ka ninka da awa 60 ka gani. Kuma shi Robinson yana da dokarsa daban a Amurka, sai ka yi awa 20 da malami a cikinsa kafin a bar ka ka tashi kai kaɗai ko da kuwa ka iya tun a ta goma sha biyu.

Maman Abba:
Ni dai tambayata in injin ya mutu a sama fa? Ai ba shi da fiffike.

Baban Hanifa:
Hajiya ai yana cikin abin da ake ta maimaita wa ɗalibi har ya gaji. In inji ya tsaya sai ka sauke libar hagu nan take, iskar da ke tasowa daga ƙasa ita za ta ci gaba da juya farfelar, ka zaɓi fili, daf da ƙasa ka ɗaga hancin jirgin ka rage gudu ka dire. Ranar farko da malamina ya rage wutar injin muna sama salati kawai yake ji a kunnensa.

Ɗan Fagge:
Yanzu nan na karanta wa maiɗakina maganar kilo 109, ta ce daga yau an daina min malmala ta biyu.