"Gani ya kori ji": shin har yau haka maganar take?

Abu Maryam:
Assalamu alaikum jama'a. A huɗubar Juma'ar da ta wuce liman ya yi magana kan yaɗa jita-jita, ya kawo aya ta 6 ta Suratul Hujurat, ya rufe da cewa gani ya kori ji, kada mutum ya faɗi abin da idonsa bai gani ba. Ana sallame salla mutum biyu suka kaure da gardama. Ɗaya ya ce wannan karin magana ba ta da gurbi a kan mumbari, tunda addini duka ta kunne ya iso mana. Ɗayan ya ce ai akwai hadisi mai kama da ita. Masana, ina gaskiyar take?

Malam Sani:
Wa alaikumus salam. Na biyun yana da madafa. Imam Ahmad ya ruwaito daga Ibn Abbas cewa labari ba kamar gani da ido ba ne, kuma a cikin ruwayar aka kawo Annabi Musa (AS). Allah ya sanar da shi cewa mutanensa sun bauta wa ɗan maraƙi, bai jefar da allunan ba, sai da ya dawo ya gani da idonsa. Ku lura da wanda ya ba shi labarin. Babu sauran shakka ko ƙwayar zarra. To mene ne ganin ya ƙara masa? Ya girgiza zuciyarsa. Haka Annabi Ibrahim (AS) a Baƙara aya ta 260, da ya roƙi a nuna masa yadda ake rayar da matattu, aka tambaye shi ko bai yi imani ba ne, ya ce ya yi, domin dai zuciyarsa ta natsu. A fahimtata karin maganar tana magana kan ƙarfin tasiri a zuciya. Wanda ya ɗauke ta a matsayin ƙa'idar tantance gaskiya ya ɗora mata kayan da ba nata ba.

Dakta Larai:
Malam, Allah ya ƙara sani. Daga ɓangaren nazarin halayyar ɗan Adam, abin da ka faɗa shi ne ainihin haɗarin. Ganau ya fi jiyau sakankancewa, amma sakankancewa daban, dacewa daban.

A 1974 Elizabeth Loftus da John Palmer a Amurka sun nuna wa ɗalibai 45 fim ɗin hatsarin mota, suka tambaye su gudun motocin. Tambayar ɗaya ce, kalmar aikatau kawai aka sauya. Waɗanda aka tambaya da kalma mai zafi, irin a ce motocin sun yi raga-raga, sun ƙiyasta sama da mil 40 a awa. Waɗanda aka ce musu motocin sun taɓa juna sun ce kusan mil 32. A gwaji na biyu aka ɗauki mutum 150, aka kasa su uku, hamsin-hamsin. Bayan mako guda aka tambaye su ko sun ga fasasshen gilashi. Babu fasasshen gilashi ko ɗaya a fim ɗin. Cikin rukunin kalma mai zafi 16 suka ce sun gani, rukunin kalma mai sanyi 7, rukunin da ba a tambaye su gudu ba 6. Wato abin da ya shiga kunnensu bayan an gama kallo ya koma ya gyara abin da ido ya ajiye. Kuma ba ƙarya suka shirya ba, har zuciyarsu sun yarda sun gani.

Ɗan Autan Zaure:
To Dakta, ashe ji ne ya kori gani kenan 😂

Dakta Larai:
Wani lokacin, ƙanena. Wani lokacin kuma gani ne ke danne ji ƙiri-ƙiri. McGurk da MacDonald a 1976 sun ɗora sautin "ba" a kan hoton leɓɓan da ke furta "ga". Mafi yawan mutane sai su ji "da", wanda babu wanda ya faɗe shi. Ka rufe ido, "ba" ta dawo. Kowa zai iya gwadawa da wayarsa. Ga kuma gwajin Simons da Chabris na 1999: aka ce mutane su ƙirga sau nawa masu fararen riguna suka miƙa wa juna ƙwallo, wani sanye da kayan goggon biri ya ratsa tsakiyar 'yan wasan, kusan rabin masu kallo ba su gan shi ba. Ido yana kai, hankali yana wani wuri.

Hajiya Binta:
Ku bari in ba ku wanda kakarmu, Allah ya ji ƙanta, take bayarwa duk lokacin da wani ya ce mata "da idona na gani". Ita amsarta kullum, kunne ya girmi kaka.

Ta ce an yi wata mata da ta leƙa gidan maƙwabta ta tsagar ƙofa da daddare, ta hango matar gidan tana kwance wani ƙulli, ta zuba farin gari a ruwan mijinta, ta motsa da yatsa, ta waiga hagu da dama, ta miƙa masa. Bayan kwana biyu mijin ya rasu. Matar nan ta tafi gaban alƙali ta ce ita ganau ce ba jiyau ba. Ta faɗi launin ƙullin, ta faɗi hannun da aka motsa da shi, har inda fitila take. Aka je aka duba, komai yana nan yadda ta faɗa, har ragowar ƙullin. Gari ya ɗauka, dangin miji suka ce sai an yi hukunci.

A cikin masu zama wurin alƙali akwai wani tsoho makaho. Ya ce a tambaye ta me ta ji. Ta ce ba ta ji komai ba, da nisa. Ya ce to a nemo wanda ya ji. Aka samu 'yar marigayin, yarinya ƙarama, wadda ke kwance a ɗakin ta juya wa bango fuska, ba ta ga komai ba. Ta ce ta ji babanta yana cewa a jiƙa masa maganin nan na ciwon cikinsa, kuma a yi a hankali kada mahaifiyarsa ta farka, don ta hana shi shan sa. Waigen da aka gani kenan. Aka kira mai maganin ya shaida shi ya ba marigayin da hannunsa.

Ummu Khalil:
Hajiya, mu a yadda muka ji shi ba makaho ba ne, matar alƙalin ce ta ba shi shawara da daddare. Kuma yarinyar ba 'yarsa ba ce, 'yar riƙo ce.

Hajiya Binta:
'Yar'uwa, ni dai makaho na ji, kuma shi ya fi dacewa da labarin.

Barista Audu:
Hajiya, da izininki, ni a labarin nan ban ga inda ji ya kayar da gani ba. Duk abin da maƙwabciyar ta gani gaskiya ne. Ta ga gari, ba ta ga guba ba, gubar daga zuciyarta ta fito. Shi ya sa mai yi wa shaida tambaya yake raba abu biyu: me ka gani, me ka fahimta. Sannan a tambayi nisa, haske, tsawon lokacin da ya kalla, ko ya san mutumin a da, da kuma wa ya yi magana kafin ya ba da bayani.

Kuma abin ba tatsuniya ba ne. A Amurka, cikin mutanen da gwajin DNA ya wanke bayan an ɗaure su, kusan kashi 70 cikin ɗari akwai kuskuren ganau a shari'arsu. Saboda haka masu bincike suka fitar da matakan jeren tantance wanda ake zargi. A sa shi cikin aƙalla mutum biyar da suka dace da siffar da shaida ya faɗa tun farko. Jami'in da ke gudanar da jeren kada ya san wanne ne ake zargi, domin ko kallonsa yana iya nuna hanya. A gaya wa shaida cewa mai laifin yana iya kasancewa ba ya cikin jeren, in ba haka ba sai ya zaɓi wanda ya fi kama. A rubuta iya tabbacinsa nan take da kalmominsa, domin da zarar an ce masa "madalla, shi ne", ranar shari'a zai rantse bai taɓa kokwanto ba.

Ɗan Autan Zaure:
Barista ka manta da wani nau'in ganin. Honorabul ya zo buɗe rijiyar burtsatse, kyamara ta ɗauka, ruwa na zuba shaa, mata na guɗa. Ashe tankar ruwa ce ta cika tankin da daddare. Gani ya kori ji, bayan kwana uku ƙishirwa ta kori gani 😂

Ummu Khalil:
Ai su sun haddace karin maganar fiye da mu. Titi ɗaya a buɗe shi sau uku, kowane zaɓe da sabon almakashi.

Ɗalibin Falsafa:
A dawo kan magana don Allah. Wannan gardama tsohuwa ce. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, da ya zauna tantance abin da zai dogara da shi, ido ya fara tuhuma. Ka kalli inuwa ka rantse a tsaye take, bayan sa'a guda ka tarar ta gusa. Ka kalli tauraro ka ga kamar dinari, lissafi ya nuna ya fi ƙasa girma. Kafin shi Ibn Haisam ya ware sashe guda na littafinsa kan gani don kurakuran ido kaɗai. A Turai David Hume a 1748 ya ce labari ba ya da nauyi sai gwargwadon yadda gogewa ta nuna masu ba da shi suna dacewa. Thomas Reid ya ce a'a, an halicci mutum da yarda da abin da aka gaya masa, in ba haka ba yaro ba zai koyi komai ba. Ni ina tare da Reid. Ranar haihuwarka ma ji ka yi.

Malam Sani:
Malaman usul, wato masana tushen fiƙihu, sun riga su a nan. Labari mutawatiri, wanda jama'a masu yawa suka ɗauko daga jama'a masu yawa ta yadda haɗuwarsu kan ƙarya ba ta yiwuwa, yana ba da yaƙini. Amma sun sa sharaɗi: dole tushensa ya zama abin da aka gani ko aka ji kai tsaye, ba ra'ayi ba. Kuma malaman hadisi ba su tsaya kan adalcin mai ruwaya ba, sai da suka ƙara kiyayewarsa. Mutumin kirki mai raunin hadda ba a karɓar abin da ya kaɗaita da shi. Abin da Dakta ta kawo kenan, an san shi tun ƙarni na uku na Hijira.

Bulus:
Mu ma muna da namu. A Littafi Mai Tsarki, Yohanna 20:25-29, Toma almajirin Yesu ya ce ba zai gaskata tashin Yesu daga matattu ba sai ya gani, Yesu ya ce masa masu albarka ne waɗanda ba su gani ba amma suka gaskata. Sai dai ba a hana shi ganin ba.

Dakta Larai:
Malam, yawan jama'a ma yana da tarko. Solomon Asch a farkon shekarun 1950 ya zaunar da mutum ɗaya cikin rukunin da aka haɗa baki da su, ana nuna layuka a ce wanne ya yi daidai da wanne. Zagaye 18, a 12 daga ciki sauran su ba da amsar kuskure da gangan. Kusan kashi uku cikin huɗu na waɗanda aka gwada sun bi jama'a aƙalla sau ɗaya, alhali wanda aka bari shi kaɗai da wuya ya yi kuskure. Mutum goma da suka ji daga bakin juna shaida ɗaya ne.

Ɗan Autan Zaure:
Wannan ai taron jam'iyya kika siffanta, Dakta. To tunda an zo nan, ganin wata fa? Mutum biyu su ce sun gani, masu lissafi su ce ba ya ganuwa. Wa ya kori wa?

Malam Sani:
A mazhabar Malikiyya ana karɓar adilai biyu ko jama'a mai yawa. Amma idan an cika kwana talatin a kan shaidar mutum biyun, sama garau, ba a ga sabon wata ba, to an ƙaryata su.

Ɗalibin Falsafa:
Kuma André Danjon na Faransa a shekarun 1930 ya ƙiyasta cewa jinjirin wata ba ya ganuwa in tazararsa da rana ba ta kai kimanin digiri 7 ba. To sai a jira kwana talatin, ko a tambayi lissafi tun daren farko?

Abu Maryam:
Don Allah kada ku buɗe wannan babin, ba za mu kwana ba.

Ummu Khalil:
Hajiya Binta, ba ki gaya mana ba, a naku labarin me alƙali ya yi wa maƙwabciyar? A namu cewa aka yi ta bar garin.