Gashin ƙashi ko wani suna? Ku taya ni nemo kalmar fisiyoterafi

Jama'a, ina neman taimakonku kan wata kalma. Ina horar da yara 'yan ƙwallo a unguwarmu, 'yan shekara 12 zuwa 17, kuma duk wanda ya ji rauni aka tura shi wurin fisiyo, wato mai aikin fisiyoterafi da ke taimaka wa gaɓar da ta ji rauni ta dawo aiki, sai na zauna da iyayensa ina bayani. Sunan da muke ji a rediyo da bakin ma'aikatan asibiti shi ne gashin ƙashi. Ni dai ina ganin sunan nan yana ɓatar da mutane, kuma na ga hakan da idona.

Bara wani yaro nawa mai shekara 14 ya yi tsalle ya sauka a gefen ƙafa, idon sawu ya murɗe. Na ce a kai shi asibiti da safe, wataƙila sai an yi masa gashin ƙashi. Mahaifiyarsa ta ji kalmar gashi, ta ce ai wannan ba sai an je asibiti ba. Ta tafasa ruwa, ta tsoma tsumma ta dinga danna masa, ta bi da man zafi tana murzawa. Gari na wayewa ƙafa ta kumbura suntum, ko silifa ba ta shiga. Ban ga laifinta ba ko kaɗan. Abin da na faɗa shi ta yi.

Da muka je, mai aikin bai kunna ko fitilar zafi ba. Bayan kumburi ya saɓe, ya sa yaron ya riƙa zana baƙaƙen abacada a iska da babban yatsan ƙafa. Daga baya ya ɗaura masa roba a tafin ƙafa yana ja yana saki, sannan tsayuwa da ƙafa ɗaya, ido a buɗe, sai kuma ido a rufe. Uwar na zaune a benci tana kallo, can ta ce, "Likita, to yaushe za a fara gashin?" Ya ce mata, "Hajiya, ai wannan da kike gani shi ne aikin."

Sabon rauni ba ya son zafi. A kwana biyu ko uku na farko, zafi da murza suna ƙara kwararar jini zuwa wurin, kumburi ya ƙaru. Abin da ake so shi ne hutu, ƙanƙara a naɗe cikin tsumma na kamar minti 15 zuwa 20, bandeji, da ɗaga ƙafa sama. Gashi yana da ranarsa daga baya, idan nama ya sage, kuma a sashen fisiyo akwai fitilar zafi da ake haska wa masu ciwon baya. Sai dai ɗan yanki ne na aikin, mu kuma muka ɗauki yankin muka raɗa wa duka.

Rabin sunan na biyu ma haka. Yawancin raunin yaran nan ba na ƙashi ba ne: targaɗe, fizgar naman bayan cinya, ciwon agara, tsinkewar jijiyar cikin gwiwa da 'yan kallo suka sani da ACL. Wanda aka yi wa tiyatar wannan jijiya yakan yi wata tara zuwa shekara kafin ya koma fili, kuma kusan duk watannin nan a koyon lanƙwasa gwiwa, taka ƙasa, ƙarfafa cinya da sake koyon gudu suke tafiya. Ku tuna Ronaldo na Brazil. Jijiyar ƙoƙon gwiwarsa ta samu matsala a Nuwamba 1999 yana Inter Milan, ya dawo a Afrilu 2000 a wasa da Lazio, cikin 'yan mintuna ta tsinke gaba ɗaya. Ya shafe fiye da shekara yana wannan aiki na kullum, sannan ya ci ƙwallo 8 a gasar cin kofin duniya ta 2002. Wa zai ce gasa shi aka yi?

Na gode da amsoshin da suka shigo, bari in bi su.

Masu cewa tausa, tausa tana ciki, amma a tausa kai kana kwance wani na yi maka. A nan kuwa yaron ne ke zufa. Ɗori kuma sana'a ce daban mai gidajenta da gadonta, kuma aikin fisiyo yakan fara ne bayan ƙashi ya haɗe. Wani abu da ya sa nake tsoron a haɗa su: ƙashin yaro bai gama ƙosawa ba, a ƙarshensa akwai guringuntsi inda tsawo ke fitowa, kuma wurin ya fi jijiyar da ke kusa da shi rauni. Abin da zai zama targaɗe a jikin babba yana iya zama karaya a nan. In aka kama ana ja ana murzawa ba hoto, ƙafa na iya tashi a karkace ko ɗaya ta fi ɗaya tsawo.

Ɗan'uwanmu na Damagaram ya ce su a can kine suke cewa, daga Faransanci, kuma tushen kalmar a harshen Girka motsi take nufi. Wannan ya burge ni, don ya fi namu kusa da gaskiyar aikin. Malam da ya yi karatu a Sudan kuma ya kawo na Larabci, ilajuɗ ɗabi'i. Allah ya ƙara ilimi, Malam, amma in muka juya shi ya zama maganin ɗabi'a, Bahaushe zai ɗauka gyaran hali ake nufi, ko kuwa sassaƙe da saiwa.

Jinyar motsa jiki ita ta fi samun magoya baya, kuma na jima ina juya ta a baki. Matsalarta biyu. Motsa jiki a kunnen mutane shi ne sassarfar asuba ta masu rage tumbi, don haka uba zai ce ai yaron kullum yana fili, wane motsi kuma ya rage? Sannan mai jinya a wurinmu shi ne ɗan'uwan da ke kwana a gefen gadon mara lafiya, ma'aikacin jinya kuma nas ne. Sunan mai sana'ar zai rikice.

Sai ga wata baiwar Allah, uwa ce mai jikoki, ta rubuto cewa lokacin da ɗanta ya karye a cinya aka cire masa filasta, abin da ta ga ana yi masa bai yi mata kama da komai ba sai tata, yadda ake riƙe hannun yaro ana koya masa taku. Ta ce, "Ɗana, ai raino ne." Baba, kin gama magana. Raino yana ɗauke da duk abin da nake ta kewaye-kewayen faɗa: ana bi a hankali, ana yi kullum, ba a tsallake mataki, zama kafin rarrafe, rarrafe kafin tsayuwa, kuma ƙarshensa wanda ake raino ya tsaya da ƙafarsa. Babu uwar da za ta ji raino ta ɗora tukunya a wuta, babu kuma uban da zai zaci abu ne na kwana uku.

Saboda haka ni na tsaya a kan rainon gaɓɓai. Na gwada shi a jimla ya zauna: an yi masa tiyata, yanzu yana zuwa rainon gaɓɓai sau biyu a mako. Ya kuma ɗauki mai shanyewar ɓarin jiki da yaron da shan inna ya taɓa, tunda su ma gaɓɓansu ake tayarwa. Mai aikin a takarda sai mu ce masanin rainon gaɓɓai, a bakin fili kuwa fisiyo ya riga ya zauna, a bar shi.

Na san gashin ƙashi ya yi jijiya a bakin mutane, ba zai tafi yau ba. Amma muna da masu sana'ar da ke jin Hausa a Asibitin Ƙashi na Dala da sashen koyar da ita a Jami'ar Bayero, kuma duk 8 ga Satumba ake bikin ranar wannan sana'a a duniya, ana gayyatarsu gidajen rediyo. Ina roƙon wanda ke cikinsu a nan ya gwada kalmar a kan marasa lafiyarsa ya faɗa mana yadda suka karɓe ta. Ni ranar Asabar ina da zama da iyayen yara uku, ɗaya ciwon ƙasan gwiwa, biyu idon sawu, kuma da ita zan yi musu bayani.