Shin bakteriya za su iya gyara ƙasar da baƙin mai ya ɓata?

Mai tambaya, Tudun Wada:
Assalamu alaikum. A bayan gidanmu akwai filin da makanikai suka shafe shekaru suna juye baƙin mai, har ƙasar ta daskare kamar kwalta, ko ciyawa ba ta tsirowa, kuma da damina ruwan da ke gangarowa kwata yana tafe da maiƙo mai ƙyalli. Na ji an ce wasu bakteriya suna fitar da wani sinadari mai kama da sabulu wanda ke gyara irin wannan ƙasa. Don Allah masana, yaya abin yake?

Malama, Samaru:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Maganar gaskiya ce, sai dai ba sinadarin ne ke cinye man ba. Gefensa ɗaya yana kama ruwa, ɗayan yana kama mai, don haka yake farfasa man zuwa ƙananan ɗigo waɗanda bakteriya ke iya ci. Bakteriyar Pseudomonas aeruginosa tana samar da irin wannan sinadari mai suna ramnolifid, bakteriyar Bacillus subtilis kuma wani mai suna safaktin, wanda aka gano a Japan a 1968. A ɗakin gwaji mukan shimfiɗa ɗanyen mai a kan ruwa cikin faranti, mu ɗiga ruwan da muka raini bakteriyar a ciki. In akwai sinadarin, nan take man zai ja da baya, ya bar da'ira fes a tsakiya. Tsadar tace sinadarin ce ta hana amfani da shi ya yaɗu.

Tsohon malamin gona, Sabon Gari:
Malama ta yi bayani. Abin da zan ƙara, ɗana, shi ne masu cin man suna nan cikin ƙasarku tuntuni, abinci da iska suka rasa. Ko da jirgin Exxon Valdez ya zubar da mai a Alaska a 1989, taki aka watsa a gaɓar teku domin ƙarfafa bakteriyar wurin. Ku fara shawo kan makanikan su riƙa tara man a duro, sannan a kafce ƙasar, a cakuɗa ta da kashin kaji, a riƙa yayyafa ruwa ana juyawa.

Malama, Samaru:
Haka ne, Baba, amma kada kowa ya ce zai raini Pseudomonas a gida, domin tana sa ciwo a gyambo da huhu. Aikin kuma na haƙuri ne: rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 ya ce gyaran ƙasar Ogoni ta Jihar Ribas, wadda malalar mai ta ɓata, zai iya cin shekara 25 zuwa 30. Filinku bai kai can ba, amma idan da rijiya kusa, ku kai ruwanta a auna kafin yara su ci gaba da sha.